Itatuwan Da Suka Tsira Daga Gatari, Yau Sawun Ƙafa Ne Abin Tsoronsu

A gaɓar yammacin ƙasar Amurka, inda Jihar Kalifoniya ta yi iyaka da Tekun Fasifik, akwai wani siririn daji wanda ya miƙe kamar mil 450, tun daga duwatsun Big Sur a kudu har ya ɗan leƙa cikin Jihar Oregon a arewa. A cikin wannan daji ne kaɗai, duk faɗin duniya, itacen nan da ya fi kowane itace tsawo ya tsiro da kansa. Mutanen ƙasar suna kiransa "redwood", watau jan itace, saboda launin ɓawonsa da na katakonsa. Wanda ya fi tsawo daga cikin waɗanda aka auna ya kai ƙafa 380, kusan bene mai hawa 35 ke nan, kuma akwai waɗanda suka haura shekara 2,000 suna tsaye.

Wanda ya ji wannan labari zai zaci ba a isa wurin irin waɗannan itatuwa sai an ɗaura guzuri an yi kwana da kwanaki cikin ƙungurmin daji. Ba haka abin yake ba. Mafi yawan manyan cikinsu a fadamu suke, a bakin rafuka, inda ambaliya ta shekara dubbai tana shimfiɗa ƙasa mai taushi, ta baje ta kamar faifai. Saboda haka tsoho mai dogara sanda, da mace mai goyo, har da mai keken guragu a waɗansu wurare, duk suna iya barin mota a bakin hanya su isa gindinsu cikin 'yan mintoci. To, wannan sauƙin kuwa shi ne ya zame wa malaman dajin babban abin damuwa a shekarun nan.

Yadda itacen yake

Kafin a shiga zancen hanyoyin, ya kamata mai karatu ya san halin itacen, don daga nan ne duk dokokin wurin suka samo asali. Duk girman nan nasa, jan itace ba shi da uwar saiwa mai nutsewa cikin ƙasa. Saiwoyinsa da ƙyar suke wuce ƙafa 10 ko 12 zurfi, sai dai su bazu gefe da gefe, su sarƙe da na maƙwabtansa, su riƙe juna idan iska ta taso. Ƙananan saiwoyin da yake shan ruwa da su kuwa a sama-sama suke, ƙarƙashin busasshen ganye kawai. Idan mutane suka yi ta tattaka wurin, ƙasa takan daddale ta yi tauri, ruwa da iska su kāsa shiga, saiwoyin su shaƙe.

Ɓawonsa yakan kai kaurin ƙafa ɗaya, ba shi da ƙaro mai kama wuta, kuma akwai wani ɗaci a jikin katakon wanda ke korar gara da ruɓa. Irinsa kuwa ɗan mitsitsi ne, bai fi ƙwayar tumatir ba, amma bai dogara da iri kaɗai ba. Idan aka sare shi ko wuta ta ci shi, sai 'ya'ya su tsiro daga kututturen su kewaye shi, shi ya sa mai tafiya yakan tarar da itatuwa sun yi da'ira, tsakiyarsu fili, alamar inda uwar ta tsaya ke nan.

Damina a can cikin sanyi take zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, sa'an nan sai a yi watanni ba a ga ko ɗigo ba. Abin da ke raya dajin a wannan tsakani shi ne hazo. Ba irin hazon hunturu mai ƙura da busar da leɓe ba ne, wannan tururin ruwa ne mai sanyi da ke tasowa daga teku, ya shiga cikin rassa, ganye ya tare shi, ya riƙa ɗiga ƙasa kamar yayyafi. Masana sun auna sun ga kimanin sulusin ruwan da ke shiga dajin a shekara daga hazon nan yake. Iyakar inda hazo ke kaiwa, nan ne iyakar jan itace, dalilin sirantar dajin ke nan. A shekarar 2010 waɗansu malaman Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka buga binciken da ya nuna cewa hazon ya ragu da kusan sulusi idan aka gwada da farkon ƙarnin da ya wuce.

Abin da gatari ya bari

Ƙabilun asali na yankin, irin su Yurok da Tolowa, sun daɗe suna zaune cikin dajin, suna fafe jiragen ruwa da tsaga allunan gina ɗakuna, yawanci daga itatuwan da suka faɗi da kansu. Da aka sami zinariya a Kalifoniya a 1848, baƙi suka kwararo kamar fara, aka karkashe mutanen ƙasar da yawa, aka kori saura daga mazauninsu. Waɗanda ba su dace da zinariya ba sai suka juya kan katako. A lokacin dajin ya kai eka miliyan 2. Yau abin da ya rage na tsohon daji, wanda zarto bai taɓa shiga ba, bai fi kashi 5 cikin 100 ba. Watau duk hanyoyin da za a ambata a nan cikin 'yan tsibiran da suka rage suke, kuma kowane tsibiri akwai wanda ya tsaya tsayin daka, ko ya zuba dukiyarsa, kafin ya tsira.

Wurin da baƙi suka fi sani shi ne Muir Woods, wanda bai fi mil 12 ba daga gadar Golden Gate ta birnin San Faransisko. Wani attajiri mai suna William Kent da matarsa Elizabeth ne suka sayi kwarin a 1905. Bayan shekara biyu wani kamfanin ruwa ya nemi ya karɓe wurin ta hanyar shari'a don ya gina madatsa, sai Kent ya riga shi, ya ba Gwamnatin Tarayya kyautar eka 295. Ranar 9 ga Janairu, 1908 Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu wurin ya zama abin kiyayewa na ƙasa. Shugaban ya so a sa wa dajin sunan Kent, amma shi ya ƙi, ya ce a sa sunan John Muir, marubucin da ya ƙare rayuwarsa wajen kare dazuzzuka.

Tafiyar Muir Woods ba ta da wuya ko kaɗan. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, wani ɓangare daɓen katako, wani kwalta, tana bin gefen rafi, da gadoji huɗu. Wanda ya tsallaka a gada ta biyu ya komo ya yi rabin mil, a ta uku mil ɗaya, a ta huɗu kuwa mil 2, sai dai komowarsa ta gefen tudu ce. Tsakanin gada ta uku da ta huɗu akwai wani kurmi da ake kira Cathedral Grove, inda aka kafa allo ana roƙon mutane su yi shiru. A nan ne wakilan ƙasashen da suka taru a San Faransisko don kafa Majalisar Ɗinkin Duniya suka hallara ranar 19 ga Mayu, 1945, suka yi juyayin Shugaba Franklin Roosevelt wanda ya rasu wata guda kafin nan. Itacen da ya fi tsawo a Muir Woods ƙafa 258 ne, wanda a arewa ba za a ko ɗaga kai a dube shi sau biyu ba. Amma da yake wurin yana bakin birni, baƙi sun kai miliyan ɗaya a shekara, motoci suka cushe hanya, har dole daga 2018 aka ce ba mai ajiye mota sai wanda ya kama wuri tun kafin ya taso. A cikin kwarin waya ba ta kamawa, saboda haka wanda ya zo bai shirya ba, komawa zai yi.

Kudu da birnin, kusa da Santa Cruz, akwai gandun Henry Cowell mai kewayen da bai cika mil ɗaya ba, inda akwai wani itace da wuta ta rarake cikinsa har mutane da dama kan shiga su tsaya. Kusa da shi kuma ga Big Basin, gandun jiha mafi tsufa a Kalifoniya, wanda aka kafa a 1902. A watan Agusta na 2020 tsawa ta tayar da gobarar da ta bi ta kashi 97 cikin 100 na gandun, ta cinye ofishinsa da gadojinsa. Aka yi zaton dajin ya ƙare. Ashe mafi yawan jajayen itatuwan suna da rai. Ba a jima ba koren toho ya feso daga jikin baƙaƙen gangunansu tun daga ƙasa har sama. An sake buɗe wani ɓangare na gandun a Yuli 2022, kuma wanda ya bi 'yar hanyar da ta kewaya manyan itatuwan zai ga gawayi da ɗanyen ganye a jikin itace guda.

Arewa, inda manyan suke

Mai son ganin ainihin dajin sai ya kama babbar hanya mai lamba 101 ya nufi arewa. Bayan tafiyar kamar awa huɗu a mota zai isa gandun Humboldt, inda tsohuwar hanya ta ratsa tsakiyar itatuwa har fiye da mil 30. A nan ƙungiyar ceton jan itace, wadda aka kafa a 1918, ta fara sayen daji daga hannun masu katako, kuma attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami ya ba da dala miliyan 2 aka sayi fadamar rafin Bull Creek. Dajin da ke ɗauke da sunansa, mai eka 10,000, shi ne tsohon dajin jan itace mafi girma da ya rage a haɗe wuri guda.

A kewayen Founders Grove, wanda bai fi rabin mil da 'yan kai ba, akwai abin da ya fi itatuwan tsaye koyarwa, watau wani ƙato da ake kira Dyerville Giant wanda ya faɗi a watan Maris na 1991 bayan ruwa mai yawa. Tsawonsa ya haura ƙafa 360, kuma mutanen da ke nesa da wurin da suka ji ƙarar faɗuwarsa sun ɗauka jirgin ƙasa ne ya yi haɗari. Yana nan kwance har yanzu, ba a taɓa shi ba. Mai tafiya yakan bi gefensa daga kai har gindi, sa'an nan ya tsaya gaban saiwoyin da suka tumɓuko sama kamar bangon gida. A nan ne idonsa zai gane masa cewa duk wannan nauyi a kan ɗan faifan saiwa marar zurfi yake zaune.

Wannan fadama ta Bull Creek ta koya wa hukuma wani darasi mai tsada. An kiyaye itatuwan ƙasa, amma aka bar masu zarto suka aske tuddan da ke sama. Da ruwa ya sauko a 1955, da kuma 1964, ba abin da zai tare shi, sai ya gangaro da tsakuwa da laka, ya zaizaye gaɓar rafi, ya kayar da ɗaruruwan manyan itatuwa a cikin gandun da ake cewa an kare. Daga nan aka fahimci cewa sayen kurmi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da tuddan da ruwansa ke gangarowa.

Can gaba, wajen mil 325 daga San Faransisko, shi ne Gandun Ƙasa na Redwood, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 2 ga Oktoba, 1968. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ƙara masa eka 48,000, mafi yawansu tuddan da aka riga aka sare, saboda darasin da aka ambata. Direbobin manyan motocin katako sun yi jerin gwano har birnin Washington don nuna ƙin amincewarsu, don kuwa abincinsu ne ake taɓawa, kuma gaskiya ne garuruwan yankin sun ji jiki. A 1980 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin wuraren gadon duniya, kuma tun 1994 ake gudanar da shi tare da gandayen jiha guda uku da ke maƙwabtaka da shi.

Hanya mafi sauƙi a nan ita ce ta kurmin Lady Bird Johnson, wanda aka sa wa sunan matar Shugaba Johnson a 1969. Kewayen mil ɗaya da rabi ne a kan tudu, inda hazo ke yawan sauka har mutum ya riƙa ganin gangunan itatuwa suna ɓacewa cikin fari. Wanda ke da sauran ƙarfi a gwiwa kuwa sai ya nemi izni, kyauta ne amma a ƙididdige ake bayarwa, ya gangara kurmin Tall Trees. Zuwa da komowa mil 4 da rabi ne, kuma gangaren ƙafa 800 ne, wanda ke nufin daɗin yana farko, wahalar tana ƙarshe. A wannan kurmi ne a 1963 ma'aikatan mujallar National Geographic suka auna wani itace mai ƙafa 367, labarin da ya taimaka ƙwarai wajen kafa gandun.

A gandun Prairie Creek akwai 'yar gajeriyar hanya da aka shirya musamman domin makafi, don su shafa ɓawo su shaƙi ƙamshin ganye. Akwai kuma Fern Canyon, wani matsattsen kwazazzabo kusa da teku, wanda bangayensa masu tsawon ƙafa 50 zuwa sama suke lulluɓe da koren tsiro mai son laima, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsa. Tafiyar mil ɗaya ce kawai, amma cikin rafi ake bi, ba makawa sai takalmi ya jiƙe. Daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Satumba mai zuwa da mota sai da izni. Wanda bai samu ba yana iya takawa ta hanyar James Irvine, wadda ta ratsa tsakiyar tsohon daji, sai dai zuwa da komowa wajen mil 10 ne, aikin yini guda ke nan.

Sunan da ya jawo wa itace masifa

A ƙarshen arewa, kusa da garin Crescent City, gandun Jedediah Smith yake, a bakin Kogin Smith mai ruwa garai-garai. Mutane da yawa suna ganin kurmin Stout, mai kewayen rabin mil, ya fi ko'ina kyau, musamman da la'asar idan hasken rana ya ratso tsakanin itatuwa. Wata mata mai suna Clara Stout ce ta ba da eka 44 ɗin a 1929 don tunawa da mijinta, wanda shi kansa ɗan kasuwar katako ne.

Ba nisa da nan, a 1998, masanin itatuwa Stephen Sillett da abokinsa Michael Taylor suka ci karo da waɗansu itatuwa masu kauri na ban mamaki, suka raɗa wa wurin suna Grove of Titans, watau kurmin ƙattai. Sun ɓoye inda yake, amma zance ba ya ɓuya. Da aka baza taswirar wurin a intanet, sai jama'a suka riƙa barin hanya suna kutsawa, kowa yana buɗe tasa turba. Cikin 'yan shekaru koren tsiron da ke rufe ƙasa ya mutu, ƙasa ta daddale, saiwoyi suka fito fili, ga shara da ƙazanta. Hukuma ta ga hana mutane ba zai yiwu ba, sai ta gina musu doguwar gada ta ragar ƙarfe mai tsawon ƙafa 1,300, wadda ke ɗage daga ƙasa, ruwa da haske suna wucewa ta cikinta. An buɗe ta a 2022, kuma yanzu duk tafiyar ba ta kai mil 2 ba.

Shi kuwa itacen da ya fi duka tsawo, wanda ake kira Hyperion, ba a yi masa wannan gata ba, rufe ƙofarsa aka yi. Chris Atkins da Michael Taylor ne suka gano shi a 2006, a wani gangare mai nisa da kowace hanya, inda sara ta zo dab da shi kafin ƙarin filin 1978 ya tsayar da ita. Shi ma da sunansa ya bazu, masu son ɗaukar hoto suka tattake gindinsa. A 2022 hukumar gandun ta sanar cewa duk wanda aka kama a wurin yana iya biyan tarar dala 5,000 ko ya sha ɗaurin wata 6. Ta kuma ƙara da wata magana wadda ke da ƙamshin gaskiya: daga ƙasa ba mai iya ganin ƙolinsa, gangarsa kuma siririya ce idan aka gwada da itatuwa da yawa da ke bakin hanyoyin da aka yarda a bi. Watau wanda ya sha wuya ya karya doka, abin da zai gani bai kai na mai keken guragu a bakin titi ba.

Shirin mai tafiya

Ko a tsakiyar bazararsu dajin yana da sanyi da laima, saboda haka rigar sanyi da ta ruwa ba a barinsu a mota. Taswirar takarda ta fi waya amfani. Akwai kaska a cikin ciyawa, akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku wanda ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje kamar ƙarara, kuma duka biyun wanda ya tsaya kan hanya ba safai yake gamuwa da su ba. A filayen Prairie Creek ana ganin garken waɗansu manyan namun daji dangin barewa, masu ƙaho mai rassa, waɗanda namijinsu kan kai laba 1,000. Suna kiwo a bakin titi kamar shanun gida, amma ba a matsa musu, musamman lokacin barbara da lokacin da mata ke da 'ya'ya. Idan ana iska mai ƙarfi ba a shiga kurmi, don reshen da ya ɓalle daga ƙafa 200 ya fi itacen wani wuri girma. Wanda ya yi sa'a kuma yana iya hango wata ƙatuwar ungulu tana shawagi, irin wadda ta ɓace daga yankin fiye da shekara 100, har ƙabilar Yurok ta fara sake sakinta a 2022.

Dokar da ta fi ba baƙi mamaki ita ce ta ɓarɓashin abinci. Akwai wani tsuntsun teku, bai fi kurciya girma ba, wanda masana suka daɗe suna neman sheƙarsa ba su gani ba, sai a 1974 wani mai datse rassa ya ci karo da ita a ƙolin wani tsohon itace a Big Basin. Ashe tsuntsun yana yini a teku yana kamun kifi, amma a kan faffaɗan reshen tsohon itace yake saka ƙwai, guda ɗaya tak. Inda mutane ke zubar da guntun burodi, hankaki da 'yan uwansa sukan taru su yi yawa, idan sun gama da burodin kuma sai su hau sama su fasa ƙwan. Tun 1992 tsuntsun yake cikin jerin waɗanda Gwamnatin Amurka ke tsoron ƙarewarsu, shi ya sa a wuraren cin abinci na gandayen malaman daji suke bi suna roƙon baƙi su tsince ko ɗan ɓarɓashin da ya faɗi ƙarƙashin tebur kafin su tashi.